Yadda saƙo ɗaya gurɓatacce ke durƙusar da shafin intanet

Tambaya: Muna da shafin rajista da muka gina a kan firemwok, yana zaune a ƙaramar saba. Sau uku ke nan yana tsayawa cak da tsakar dare, lokacin da babu cunkoso. Da muka duba kundin buƙatu sai muka ga 'yan buƙatu kaɗan masu tsawo da tarkacen alamomi. Wani ya ce mana harin DoS ne, ni kuwa na ɗauka irin wannan hari sai da dubban kwamfutoci. Ta yaya buƙata ɗaya ko biyu za su kashe shafi, kuma me za mu yi?

Amsa:

Malam, wanda ya ce maka DoS ne bai yi kuskure ba. Harin toshe hidima, wato DoS, iri biyu ne. Wanda ka sani shi ne na taron dangi, inda dubban na'urori ke rufar wa saba ɗaya har hanyar ta toshe. Na biyun ba ya buƙatar taro ko kaɗan. Mutum ɗaya da waya da ragowar data ya isa, domin ba yawan saƙo yake dogara a kai ba, siffar saƙon ce makaminsa. Yana aiko abin da shi bai ci masa komai ba wajen aikawa, amma sabarku sai ta yi aikin minti ɗaya, ko na har abada, kafin ta gama karanta shi. Duk matsalar da za mu tattauna a nan wannan rashin daidaiton ne: arha a wajen mai aikawa, tsada a wajen mai karɓa.

Abin da ke sa mutane da yawa ba su gane shi da wuri shi ne lokacin da yake faruwa. Kafin layin farko na kod ɗin da kuka rubuta ya fara aiki, firemwok, wato ginshiƙin manhaja da kuka ɗora shafin a kansa, ya riga ya yi ɗawainiya mai yawa: ya karanta adireshi ya farfasa shi, ya warware hedojin saƙo, ya buɗe kukis, ya kwance jikin saƙon ko fom ne ko JSON ko fayil, ya gwada adireshin da jerin hanyoyinku don ya san inda zai kai shi. Sai bayan duk wannan ake tambayar wane ne mai aikawa, ko ya shiga da kalmar sirri. Saboda haka cewa "ai sai mai asusu ke iya shiga shafinmu" ba kariya ba ce. Ɓarnar tana faruwa ne a zaure, kafin a tambayi baƙo sunansa.

Mutuwar kuma tana zuwa ta fuska uku, kuma ya kamata ka fara gano wacce ce ta same ku. Ko dai firosesa ta kama aikin da ba ya ƙarewa, ko memori ya cika har tsarin aiki ya kashe manhajar, ko kuma manhajar ta ci karo da kuskuren da ba wanda ya tare ta faɗi nan take. A ta farko, umarnin `top` zai nuna maka ma'aikaci (kwafin manhajar da ke amsa buƙatu) ɗaya ko fiye a kashi 100 cikin 100, masu ziyara kuma suna samun lambar kuskure 504 ko shafi yana ta juyi. A ta biyu, `dmesg` zai nuna layin da Linux ke cewa ya kashe wata manhaja saboda ƙarewar memori. A ta uku za ka ga 502 da alamar cewa manhajar ta sake tashi daga farko. Ka kuma lissafa ma'aikatanku. Gunicorn, mai gudanar da manhajojin Python a saba, alal misali, yana ba da shawarar ninka yawan ƙwayoyin firosesa biyu a ƙara ɗaya, wato saba mai ƙwaya biyu ma'aikata biyar ke gare ta. Buƙatu biyar masu maƙalewa sun rufe shafin ke nan. A Node.js ma abin ya fi muni, domin zare ɗaya ke yi wa kowa hidima. Idan ya maƙale a kan saƙo ɗaya, kowa ya tsaya.

Bari mu fara da misalin da ya fi koyar da darasi, wato karon hash. Idan fom ya iso, firemwok yana zuba sunayen filayensa a wani tebur mai kama da akwatunan gidan waya: ana yi wa kowane suna wani ɗan lissafi, lambar da ta fito ita ce akwatinsa. Muddin sunaye sun warwatsu a akwatuna daban-daban, nemo kowanne abu ne na ƙiftawar ido. Amma idan maharin ya san lissafin, zai iya ƙirƙiro dubban sunaye da duk ke faɗawa akwati ɗaya. A Java, "Aa" da "BB" lamba ɗaya suke bayarwa, 2112, kuma duk yadda ka jera su a kalma mai tsawo iri ɗaya sakamakon ba ya canzawa. Gaɓa 17 na waɗannan biyun suna ba da sunaye 131,072 masu lamba ɗaya, duka ba su kai megabayit biyar ba. Kowane sabon suna sai an gwada shi da duk waɗanda suka riga shi shiga akwatin, jimillar gwaji ta haura biliyan takwas. Saƙo ɗaya ke nan.

Scott Crosby da Dan Wallach na Jami'ar Rice a Amurka sun bayyana wannan tun 2003, kuma Perl ya gyara nasa a shekarar ta hanyar sa wa lissafin wani sirri da ke canzawa. Yawancin sauran harsunan rubuta manhaja suka yi ko oho, har zuwa Disambar 2011 da Alexander Klink da Julian Wälde suka nuna a wani taron masana tsaro a Berlin cewa PHP da Java da Python da Ruby da ASP.NET duk suna faɗuwa da shi. Microsoft ta fitar da faci na gaggawa kafin shekarar ta ƙare. PHP ya kawo `max_input_vars` a siga ta 5.3.9, wanda ke tsayar da filaye a 1000. Python ya mai da sirrin hash abin da ke kunne da kansa daga siga ta 3.3, sannan a 3.4 ya koma lissafin SipHash da Jean-Philippe Aumasson da Daniel Bernstein suka ƙirƙiro a 2012. Java 8 kuwa ta bi wata hanya: idan akwati ya tara fiye da abu takwas a babban tebur, sai ta mai da shi bishiya mai saurin bincike maimakon dogon layi. Ka lura da magungunan biyu da suka fito a nan, domin su ne za su yi ta maimaituwa: ko a gyara lissafin ya daina tsada, ko a sa iyaka ga abin da ake karɓa. Na biyun ne ke hannunku.

Idan da zan yi caca a kan abin da ya same ku, bisa bayanin dogayen buƙatu masu tarkacen alamomi, a kan rejeks zan sa kuɗina. Rejeks shi ne ɗan gajeren tsarin da ake rubutawa don tantance rubutu, kamar a duba ko wannan imel ne ko lambar waya. Injinan rejeks na JavaScript da Python da PHP da Java suna aiki ne da gwaji da komawa baya: su bi hanya, idan ta toshe su dawo su gwada wata. Ɗauki `(a+)+$`. Idan ka ba shi harafin a guda 30 kawai, nan take zai ce ya dace. Idan ka ƙara alamar motsin rai ɗaya a ƙarshe, sai ya gwada duk hanyoyin da za a iya raba haruffan talatin gida-gida kafin ya yarda cewa bai dace ba, kuma hanyoyin sun kai ɗaruruwan miliyoyi. Kowane harafi ɗaya da aka ƙara yana ninka aikin biyu. Wannan ne ya sa gwajin da masu gina manhaja ke yi ba ya kama shi: suna gwadawa da rubutu mai kyau, shi kuwa ciwon sai a rubutun da ya kusa dacewa amma bai dace ba.

Ba sai tsarin ya yi muni haka ba. Ranar 20 ga Yulin 2016 Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, ya tsaya na minti 34 saboda rejeks mai sauƙi da ke share sarari a farko da ƙarshen rubutu. Wani rubutu ya shigo da sarari kusan 20,000 a jere, da wani harafi a bayansu. Injin ya fara daga sarari na farko ya bi har ƙarshe ya ga ba ƙarshen layi ba ne, ya dawo ya fara daga na biyu, haka har ya yi gwaji kimanin miliyan 200. Abu biyu suka ƙara dagula lamarin, kuma duka biyun sun shafe ku. Na farko, rubutun ya riga ya shiga rumbun bayanai ya hau shafin farko, don haka duk wanda ya buɗe shafin sai ya sake tayar da aikin; sake kunna saba ba ya maganin irin wannan. Na biyu, na'urar raba lodi da shafin farkon take duba lafiyar sabobi, da ta ga ba ya amsawa sai ta cire su daga aiki. Ka tanadi adireshin duba lafiya na daban, mara nauyi, wanda ba ya taɓa abin da jama'a suka rubuta.

Cloudflare ma, wanda sana'arsa ke nan kare shafukan wasu, ya faɗi na minti 27 ranar 2 ga Yulin 2019 saboda sabuwar ƙa'idar katangar tsaro mai ɗauke da irin `.*.*=.*`. Wannan ba hari ba ne, su suka ɗora da hannunsu, amma yana nuna cewa katangar ita ma manhaja ce mai karanta saƙo. Kuma rejeks ɗin da zai kashe ku ba lallai ku kuka rubuta ba. A 2024 an gyara `path-to-regexp`, laburaren da Express, firemwok ɗin Node.js, ke amfani da shi wajen gane hanyoyi, saboda hanya irin `/:a-:b`, mai gurbi biyu a gaɓa ɗaya, tana haifar da rejeks mai komawa baya. Django ma ya sha fitar da faci a kan masu tantance imel da adireshi da masu gutsure rubutu.

Maganinsa mataki-mataki ne, kuma na farkon ya fi sauran arha: ka auna tsawo kafin ka miƙa wa rejeks. Adireshin imel ba ya wuce haruffa 254, lambar waya ba ta wuce lambobi 15, to me zai sa a bar rejeks ya karanta haruffa dubu hamsin? Sannan ka binciki tsare-tsarenku ka nemo maimaici a cikin maimaici, da zaɓuɓɓuka biyu da ke iya kama harafi ɗaya, da `.*` biyu a kusa da juna. Inda aikin mai sauƙi ne, kamar share sarari, yi amfani da aikin da harshen ya tanada ka bar rejeks. Abin da Stack Overflow suka yi ke nan. Inda dole sai rejeks a kan rubutun baƙo, akwai injina da ba sa komawa baya, irin RE2 na Google da waɗanda Go da Rust ke zuwa da su, sai dai ba sa karɓar wasu dabaru kamar waiwayen rukunin da aka riga aka kama. A .NET ana iya sa wa rejeks wa'adi, Ruby ma ta kawo `Regexp.timeout` a siga ta 3.2.

Lambobi ma suna da nasu. A farkon 2011 an gano cewa PHP a wasu na'urori masu bit 32 yana shiga zagayen da ba ya ƙarewa idan aka ba shi 2.2250738585072011e-308 ya mayar lamba, Java kuma tana yin haka da wata mai kama da ita, 2.2250738585072012e-308. A Tomcat ana iya cusa lambar a hedar `Accept-Language`, wadda burauza ke faɗin harshen da mutum ya fi so da ita, kuma duk shafin da ya tambayi harshen baƙo ya maƙale. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Python kuma a 2022 ya sa iyakar lambobi 4300 ga mayar da rubutu lamba, domin aikin yana ƙaruwa ne da ninkin tsawon a kansa, kuma JSON mai lamba ɗaya doguwa ya isa ya riƙe ma'aikaci. Django a 2013 ya taƙaita kalmar sirri zuwa bayit 4096 bayan an ga ana iya aiko ta da girman megabayit a sa saba ta yi ta niƙa. Ka duba fom ɗin shigarku yau: shin akwai iyakar tsawo a ɓangaren saba, ko a burauza kawai kuka sa? Ta burauza ado ce, mahari ba ya bi ta nan.

Ta fuskar memori, dabarar ita ce ƙaramin abu da ke kumbura. Fayil ɗin XML da bai kai kilobayit ɗaya ba yana iya ayyana suna goma, kowanne yana kiran na ƙasa da shi sau goma, idan aka warware ya zama kalma biliyan ɗaya, kusan gigabayit uku. YAML yana da irin wannan ta hanyar alamomin maimaici, kuma ya taɓa Kubernetes a 2019. Gzip yana iya matse abu har kusan ninki dubu, don haka iyakar megabayit ɗaya a ƙofa tana iya zama gigabayit ɗaya a ciki idan kuna buɗe matsattsen saƙo ba tare da ƙirga abin da ke fitowa ba. Tunda shafin rajista ne, na tabbata kuna karɓar hoton fasfo, kuma nan ne aka fi mantawa. Hoton PNG mai launi ɗaya, faɗi 20,000 tsawo 20,000, ƙarami ne a fayil, amma ɗigo miliyan 400 ne, a bayit huɗu kowanne gigabayit 1.6 ke nan da zarar an buɗe shi don a rage girmansa. Ka karanta faɗi da tsawo daga kan fayil ɗin tukuna, ka ƙi duk abin da ya wuce, misali, 6000 a kowane gefe. Pillow, laburaren hoto na Python, yana gargaɗi idan hoto ya haura ɗigo kusan miliyan 89, yana ƙi idan ya ninka haka, amma wannan iyakar ta yi wa ƙaramar saba yawa, ka rage ta. Ga XML kuwa, kashe ayyana sunaye gaba ɗaya. A Python `defusedxml` yana yin haka.

Hanyar ɗora fayil, wadda ake kira `multipart/form-data`, ita ce wurin da kusan kowane firemwok ya taɓa tuntuɓe, domin tsarinta ya bar wa mai aikawa ya zaɓi alamar da ke raba sassa da kuma yawan sassan. A 2014 an gano cewa Apache Commons FileUpload, wanda Tomcat ke ɗauke da kwafinsa, yana shiga zagaye mara ƙarewa idan alamar rabawar ta kusa cika ma'ajinsa na bayit 4096. A farkon 2023 kuma aka yi ta fitar da faci a jere, a Commons FileUpload da Django da Werkzeug na Flask da Rack na Rails, duk a kan abu ɗaya: an sa iyakar girman saƙo amma ba a sa ta yawan sassa ba. Saƙo mai matsakaicin girma yana iya ɗaukar dubban fayiloli marasa komai a ciki, kowanne a buɗe masa fayil na wucin gadi, har saba ta kai iyakar fayilolin da aka yarda ta buɗe. Django ya ƙara `DATA_UPLOAD_MAX_NUMBER_FILES` da 100 a lokacin. Wannan ya nuna cewa girma ma'auni ɗaya ne kawai cikin huɗu: akwai girma, akwai yawa, akwai zurfi, akwai lokaci.

Zurfi shi ne kamar JSON da ke buɗe baka dubu ɗari ɗaya cikin ɗaya. Mai warwarewa da ke kiran kansa a kowane mataki yana cika tarin kiransa. A Python galibi kuskure ne da ake iya tarewa, amma a .NET cikar tarin kira tana kashe manhajar dungurungum ba tare da damar tarewa ba, shi ya sa Newtonsoft.Json ya sa zurfin 64 a siga ta 13.0.1. PHP yana tsayawa a 512 a `json_decode`, Jackson na Java a 1000 tun siga ta 2.15. Fom na gaskiya da wuya ya wuce zurfi biyar.

Sai faɗuwa nan take, wadda masu Node.js suka fi fama da ita. A 2022 an bayyana cewa `dicer`, wanda tsofaffin sigogin `busboy` da `multer` ke dogara a kai, yana faɗuwa da heda ɗaya mai karkataccen tsari, kuma yana tafiya da dukkan manhajar. Amma mafi yawan irin wannan a kod ɗinku yake. Kun rubuta `req.query.suna.trim()` kuna zaton rubutu ne zai zo, sai wani ya aiko `?suna=a&suna=b`, Express ya ba ku jeri maimakon rubutu, kuskure ya tashi. Idan a cikin aikin `async` ne a Express 4, firemwok ba ya tare shi, kuma tun daga Node 15 kuskuren aikin `async` da ba a tare ba yana kashe manhajar. Express 5 ya toshe wannan ramin. Ga wani da ya shafi masu rubuta Hausa kai tsaye: ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu ne a UTF-8, ƙ a adireshi tana zama `%C6%99`. Idan wani wuri a tsarinku yana yanke rubutu da ƙirgen bayit, zai iya raba harafin biyu, kuma `decodeURIComponent` yana jefa kuskure idan ya ga `%C6` shi kaɗai. Wato ɗalibi mai suna da harafi mai lanƙwasa yana iya tayar da abin da mahari ke tayarwa da gangan. Ba kowane gurɓataccen saƙo ne ke da mugun nufi a bayansa ba, kuma yawancin na tsakar dare ma na'urorin da ke yawo suna gwada kowane shafi ne, ba wani ne ya nufe ku ba.

Yanzu abin da za ku yi, bisa tsarin da ni zan bi. Da farko ku kama mai laifin. Ku ƙara `$request_time` da `$request_length` a tsarin kundin nginx, manhajar da ke karɓar buƙatu a ƙofar saba, domin ba sa cikin na asali. Ku sani cewa nginx yana rubuta buƙata ne bayan ta ƙare, don haka lokacin da ke jikin layin na ƙarewa ne, sai ku ja baya da tsawon da ta ɗauka. Idan abin ya sake faruwa, kafin ku sake kunna komai ku ɗauki hoton abin da ma'aikacin ke yi: `py-spy dump` a Python, `jstack` a Java, kundin jinkiri na PHP-FPM a PHP. Ku ɗauka sau uku da tazarar daƙiƙa biyar. Idan layi ɗaya ke fitowa kowane lokaci, kun same shi. Mutane suna gaggawar sake kunnawa su share shaidar da hannunsu.

Na biyu, ku sabunta firemwok da laburarorinsa. Kusan duk misalan da na kawo an riga an yi musu faci, masu faɗuwa da su yau waɗanda ba su ɗora facin ba ne. `npm audit` da `pip-audit` da `composer audit` za su nuna muku abin da ke da sanannen rauni, har da laburaren da ba ku san kuna da shi ba saboda wani ne ya jawo shi. Idan sigar firemwok ɗinku ta daina samun facin tsaro, wannan ne babban aikin da ke gabanku, sauran duk ɗinki ne a kan tsumma.

Na uku, iyakoki, kuma a nan kada ku yarda da na asali ba ku duba ba. nginx yana zuwa da `client_max_body_size` na megabayit ɗaya, wanda yake da kyau, amma abin da ake yi shi ne ranar da ɗora fayil ya ƙi sai a ɗaga shi zuwa 100 ga dukkan shafin. Ku ɗaga shi a hanyar ɗora fayil kaɗai, sauran su zauna a ƙasa. `body-parser` na Express yana tsayawa a kilobayit 100, `qs` a filaye 1000 da zurfi biyar. Django yana da megabayit 2.5 ga jikin saƙo da filaye 1000, sai dai iyakar girman ba ta ƙirga fayiloli. Flask kuwa ba shi da iyakar girman dukkan saƙo sai kun sa `MAX_CONTENT_LENGTH`. A PHP ku tuna cewa `max_execution_time` ba ya ƙirga lokacin warware saƙo, `max_input_time` ke yin wannan. Sannan kowane fili ya sami nau'i da tsawo a ɓangaren saba, har da lambar da ke cewa layi nawa za a nuna a shafi, domin `?limit=10000000` saƙo ne mai tsari lafiya lau amma ya isa ya kwashe rumbun bayanai zuwa memori. Abin da ya karya iyaka a mayar masa da lambar ƙin karɓa, 400 ko 413, a taƙaice, kada a zuba dukkan jikinsa a kundi, in ba haka ba faifai ne zai cika a madadin memori.

Na huɗu, ku ɗauka cewa wani abu zai tsallake, ku rage abin da zai iya ci. Kowace buƙata ta sami wa'adi a wurin da ake iya kashe ma'aikacin: Gunicorn yana kashe wanda ya yi shiru daƙiƙa 30, PHP-FPM yana da `request_terminate_timeout`. Wa'adin nginx kaɗai bai isa ba, domin shi baƙo yake sallama da 504, ma'aikacin na baya yana nan yana niƙa. A Node ma `setTimeout` ba zai ceci zaren da rejeks ya riƙe ba, tunda shi ma a kan wannan zaren yake jira. Aiki mai nauyi sai a kai shi wani ma'aikaci daban da ake iya yankewa. Sarrafa hoto da buɗe zip da karanta Excel su koma layin jira a manhaja ta daban mai iyakar memori, ta `MemoryMax` na systemd ko iyakar Docker, yadda idan ta mutu shafin rajista bai mutu tare da ita ba. Ku sa manhajar ta tashi da kanta idan ta faɗi, amma ku sa ƙararrawa a kan yawan tashin, domin tashi da kai ba tare da gano dalili ba kashe maciji ne ba a sare kansa ba. `limit_req` na nginx yana hana adireshi ɗaya maimaita saƙo ba ƙaƙƙautawa, sai dai ku yi hattara da shi: kamfanonin waya suna haɗa mutane da yawa a adireshin IP ɗaya, ɗakin kwamfuta na makaranta ma haka, iyaka mai tsauri za ta kori ɗalibanku ranar rufe rajista.

Game da sayen babbar saba ko shiga bayan kamfanin kariya: na biyun yana da amfani ga harin taron dangi da sanannun saƙonni, amma buƙata ɗaya mai kama da ta kowa wadda rejeks ɗinku ne kawai ke shaƙewa da ita za ta wuce shi. Na farkon kuwa, a aikin da ke ninkuwa da kowane harafi, sabar da ta ninka taku sauri harafi ɗaya kawai ta ƙara wa mahari.

Bayan gyara ku gwada da kanku, a kwafin shafin da ba na jama'a ba, kuma a kan abin da yake naku kaɗai. Ga kowane fili ku aika rubutu mai haruffa 100,000, da sarari 20,000 da harafi ɗaya a ƙarshe, da fili ɗaya sau biyu, da jeri a wurin rubutu, da `%` shi kaɗai, da JSON mai zurfi 10,000, da fom mai sassa 5000, da saƙon fayil da aka yanke a tsakiya. Ku auna lokacin kowace amsa da memorin da aka ci. Duk wadda ta wuce daƙiƙa ɗaya, ko ta dawo da 500 a maimakon 400, ku bi ta har layin kod ɗin da ya jawo. Idan kuna da mai warware saƙo da kuka rubuta da kanku, ku sa masa injin gwajin da ke ƙirƙiro gurɓatattun saƙonni, irin Atheris a Python, Jazzer a Java, ko wanda Go ke zuwa da shi tun siga ta 1.18, ku bar shi ya kwana yana aiki. Buƙatun nan da kuka gani a kundi su ma ku kwafe su yadda suke, ku mai da su gwajin da ke gudana kafin kowace sabuwar siga ta hau saba.